Mordecai da Akwatin Ƙarƙashin Matakala

Shekara tara na yi ina ɗinki a saman benen Oga Emenike da ke Sabon Gari, shago na ƙarshe a hannun hagu, kuma ban taɓa tsayawa na kalli akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin matakala ba sai da ya fara hana ni aiki. Ginin shaguna goma sha biyu ne, shida a ƙasa, shida a sama. Matakala ɗaya ce tak ke kai mutum sama, ita ce kuma ke sauko da shi. Tagoginmu na sama duk an kange su da ƙarafuna saboda ɓarayi, ko kyanwa sai ta yi dabara take wucewa. Akwatin da ke raba wa dukanmu wutar lantarki yana manne da bango daidai ƙarƙashin matakalar nan, kuma wanda ya haɗa shi da hannunsa shi ne Baba Mordecai.

Ba mahaifina ba ne, amma shi da marigayi babanmu benci ɗaya suke zama a coci a Samaru tun kafin a haife ni. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini 'yata, sai in zai yi mini faɗa ne yake kiran sunana, Tabitha. Shi ya samo mini shagon ma. Gajere ne, baƙi, ga furfura har a gira, kuma ban taɓa ganin mutum mai jan rai irinsa ba. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya duba agogo sau biyu kafin ya ba ka amsa. Mutanen Sabon Gari suna ce masa Baba Sannu-a-hankali, yana ji, ko kai ba ya ɗagawa.

Iyayensa daga kudancin Kaduna suka zo, mahaifinsa mai wa'azi ne, shi kuwa a Zariya ya tashi. Ya yi makarantar koyon sana'a, ya koyi aikin wuta, ya shekara ashirin da biyu a wata masana'anta a Chikaji har ranar da aka sa mata kwaɗo aka sallami kowa. Daga nan ya zuba filaya da sukudireba da mitarsa cikin jakar fata, ya hau tsohon babur yana bin shaguna daga Samaru zuwa Sabon Gari. Gidansa yana Bomo, da 'yar gonar masara a baya da ɗakuna biyu da ɗalibai ke haya. A bayan hannunsa na dama akwai wani faffaɗan tabo fari. Sau ɗaya na taɓa tambayarsa, ya ce a Chikaji ya same shi ranar da wani akwatin wuta ya fashe, kuma abokin aikinsa da ke tsaye a gabansa ran nan bai koma gida ba. Bai ƙara komai ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Aikinsa kuwa sai mai haƙuri. In ka kira shi ya yi maka wayarin a shago, ba zai taɓa waya ba sai ya zaunar da kai ya tambaye ka duk abin da za ka jona: ƙwai nawa, fanka nawa, akwai dutsen guga, akwai firiza, nan da shekara biyu me kake shirin saye. Masu fotokwafi na Samaru sun sha korarsa saboda tambayoyin nan, sun kuma sha nemansa bayan wani ya yi musu aikin ya ƙone. Abin da ya sha gaya mini, ni kuwa ina gyaɗa kai kawai, shi ne kowace waya tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka, in aka wuce sai ta yi zafi daga ciki. Don haka ake sa mata bireka, wadda za ta faɗi ta yanke wuta kafin wayar ta kai ga haka. Dole birekar ta fi wayar rauni. In ta fi ta ƙarfi, to, ado ce kawai.

Lokacin da ya haɗa akwatin benenmu, masu yadi ne da masu takalma a ciki, daga ƙwai sai fanka. Layi uku ne ke shigowa daga kan fal ɗin wutar da ke titi, ya raba shagunan huɗu-huɗu a kansu, ya sa babbar bireka mai lamba sittin da uku daidai ƙarfin wayar da ya ja. A waje kuma, inda wayoyin ke shiga ginin, akwai fiyus uku, kowane layi da nasa. To, shekaru sun wuce. Masu yadi sun tashi. Madam Nneoma ta kama shago biyu a ƙasa ta cika su da firiza shida, tana sayar da kifi da kaji. Mai gyaran gashi ta zo sama da na'urorin busar da kai uku. Wani ya zo da injin fotokwafi, wata da tandar gasa kek. Ni kaina da na fara da keken ƙafa, na koma keken wuta biyu da dutsen guga mai nauyi. Kowa ya zo sai ya jona, ba wanda ya tambayi bango abin da ke cikinsa.

Ga kuma ɗabi'armu ta canza layi. Kowa ya sani, ba kullum layuka ukun ke zuwa da ƙarfi ɗaya ba. Yau wannan ne mai kyau, gobe wancan, na uku kuwa ƙwai ma da ƙyar yake ja. Wanda layinsa ya yi sanyi sai ya kira mai gyara ya mayar da shi kan mai ƙarfi. Haka muka yi ta yi ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari kusan dukanmu mun taru a kan layi guda, sauran biyun suna zaman banza.

A watan Nuwamban bara birekar ta fara faɗuwa. Kana tsakiyar ɗinki sai ka ji ƙas daga ƙasa, keke ya tsaya, allura a cikin yadi. Wani ya sauka ya tayar da ita, minti ashirin ta sake faɗuwa. Rana ɗaya na ƙirga sau goma sha ɗaya. Ni kuwa ga kayan Kirsimeti sun fara taruwa, ga anko na zumuntar matan coci, ga masu biki suna mini sintiri. Kai, Allah ya sani, na tsani akwatin nan kamar mutum. Na taɓa saukowa na kai masa duka da takalmi, mai fotokwafi yana mini dariya.

Oga Emenike ya tara mu a gaban ginin wata Asabar da hantsi, ya kira Baba Mordecai. Oga ba mugu ba ne, a nan Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa, sai dai ba ya son abin da zai taɓa masa bango ko ya ɓata masa masu haya. Baba ya buɗe akwatin, ya maƙala mitarsa a waya ɗaya, ya duba, ya maƙala a ta biyu, ya duba, mu kuwa muna tsaye cikin rana muna hura hanci. Ya zagaya shagunan duka yana leƙa abin da kowa ya jona. Sai da ya ci mana kusan awa guda sannan ya buɗe baki.

"Birekar nan lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Aikinta take yi. Wayar ce ke kuka, ita kuma tana gaya muku."

Ya ce abin yi a fili yake. A ja sabuwar waya mai kauri daga mita zuwa akwati, a sa sabon akwati babba a waje, ba ƙarƙashin matakala ba, a sake raba shagunan a kan layuka uku, firizojin Madam su sami nasu layin da tasu birekar, kuma a daina canza layi. Aikin zai ci kwana huɗu ko biyar ba wuta. Kafin nan, a riƙa yin guga da gasa kek da busar da kai bi da bi.

Kwana biyar ba wuta, a ƙarshen Nuwamba! Madam Nneoma, wadda ita ce shugabar masu haya, ta yi tsalle ta dire, ta ce kifinta ba ya jin bi da bi. Ta ce a wancan benen na kusa da tasha ƙaramar bireka aka cire aka sa babba, magana ta ƙare, ko awa ɗaya ba a yi ba. Oga ya tambayi Baba ko zai sa musu babbar don a wuce Kirsimeti, bayan sabuwar shekara a yi babban aikin. Baba ya ce ko sati ɗaya ba zai sa ba, wayar ba ta san Kirsimeti ba.

A nan ne na yi abin da har yau yake ci mini rai. Ni da ya kamata in yi shiru, ni na ɗaga murya a gaban jama'a. Na ce, "Baba, don Allah ka bar mu mu ci abinci. Aikinka na zamanin da ne, ga yara nan suna yin abu cikin minti goma." Ya juyo ya kalle ni, kallon da ya daɗe. Ya rufe akwatin, ya ɗaure jakarsa a bayan babur, ya yi wa kowa sallama ɗaya bayan ɗaya, har da ni.

Ran Litinin aka kawo Femi, wani mai gyaran wuta daga Dogarawa, mai hannu da sauri da fara'a. Ya cire ta sittin da uku ya sa mai ɗari da ashirin da biyar. Gaskiya shi ma ya faɗa cewa na wucin gadi ne, amma a guje ya faɗa, yana goge hannu, kuma ba wanda ya saurara. Oga ya sa wa akwatin kwaɗo don kada kowa ya ƙara taɓawa. Daga ran nan shiru kake ji, birekar ba ta sake faɗuwa ba. Muka yi ta aiki kamar an buɗe famfo. Madam ta ƙaro firiza ta bakwai. Ni na yi ta yabon Femi a wurin duk wanda ya shigo shagona.

Bayan kamar kwana goma wani wari ya fara tashi a matakalar, warin kifin da ya soma lalacewa. Wa za a zarga a gini mai shagon kifi? Muka yi caa a kan Madam Nneoma, ni ce ma a gaba, na ce mata masu kawo ɗinki suna toshe hanci. Ta rantse kifinta ƙanƙara ne, amma duk da haka ta sa aka wanke gaban shagon da omo da kananzir sau biyu. Warin bai tafi ba. Da safe babu shi, sai rana ta take, kowa ya kunna kayansa, ya cika matakalar har sama. Muka saba da shi, muka riƙa wucewa da sauri.

Wata Juma'a Baba Mordecai ya zo karɓar rigar ankon matarsa da na ɗinka. Ina jin takunsa a matakala, sannu a hankali kamar kullum, sai na ji ya tsaya. Na jira bai iso ba. Da na leƙa sai na gan shi ya koma ƙasa, ya durƙusa a gaban akwatin yana shinshina bakin murfin. Ya ɗora bayan hannunsa a kan ƙarfen, ya janye da sauri. Ban taɓa ganin Baba ya yi wani abu da sauri ba sai ran nan.

Ya hau ya same ni, ko zama bai yi ba. Ya ce wannan ba kifi ba ne, robar waya da ta cikin akwati in suna dahuwa haka suke wari, ya san shi tun Chikaji. Ya ce wayar tana bi ta cikin bangon matakalar ne, ran da ta kama, hayaƙin ta nan zai hau, kuma ba mu da wata hanyar sauka. Ya nuna mini tagata da ƙarafunanta. Ya roƙe ni in kwashe kekunana in koma gida har a yi gyara. Na nuna masa tarin kayan da ke kan tebur, ɗinki arba'in da wani abu, saura mako biyu da 'yan kwanaki Kirsimeti, na ce a gida wutarmu sai ta ga dama take zuwa. Na ce masa Ubangiji zai kiyaye. Ya ce, "Zai kiyaye, Tabitha. Ya ba ku bireka kun cire."

Ya sauka wurin Oga. Daga sama ina jin muryar Oga tana tashi, ta Baba kuwa ba ta fita. Oga ya ce baƙin ciki ne kawai don an ba wani aikin, kuma kada ya sake ganin ƙafarsa a ginin yana tsorata masa masu haya. Rigar ma Baba bai ɗauka ba, a kan tebur ya bar ta.

Ran Talata da tsakar rana aka ɗauke wuta a unguwar. Ba sabon abu ba ne, muka zauna muna fifita. Wajen ƙarfe biyu muka ga ƙwan shagon da ke tsallaken titi ya kama, namu shiru. Da muka sauko sai ga Baba Mordecai tsaye a jikin bango, inda wayoyi ke shiga ginin. Ashe jira ya yi a ɗauke wutar, ya zare fiyus ɗin nan uku da mariƙansu, ya zuba a aljihun rigarsa. Bai gudu ba, bai ɓoye ba. Ya ce suna hannunsa, kuma ba zai mayar ba sai an ja sabuwar waya, ko a kira masa duk wanda za a kira.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Madam tana kuka tana zagi, mai fotokwafi ya ci kwalarsa, wani ya hankaɗe babur ɗin, jakar ta zube a kwata. Mutumin da ya haife mu duka, a tsakiyar titi ana ce masa ɓarawo. Ni ina tsaye a bakin matakala da almakashi a hannu, ban zage shi ba, ban kuma ce a bari ba. Ya tsince kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya tayar da babur ɗin, ya tafi da fiyus ɗin a aljihu. Oga ya ce ba zai kai dattijo wurin 'yan sanda ba, amma zai kai ƙara wurin dattawan cocinmu, kuma ya kai.

Kafin la'asar Femi ya iso. Ya ce irin mariƙan nan tsohon yayi ne, sai an nema a kasuwa, yau kuwa rana ta yi. Madam ta ce kifinta ba zai kai gobe ba. Sai ya yanko tsirarar waya mai kauri, ya lanƙwasa, ya cusa a gurbin kowane fiyus, ya ce a lallaɓa da haka zuwa gobe. Wuta ta dawo, muka yi tafi, ni ma na yi. Goben nan kuwa ba ta zo ba, don wutar tana nan, kuma wanda ke da wuta ba ya zuwa kasuwa neman fiyus.

Ran Lahadi Baba bai zo sujada ba. Na ji an ce dattawa sun ce ya dakata da zama a bencinsu sai ya mayar da kayan mutane. Bayan an tashi na naɗe rigar matarsa na hau acaɓa zuwa Bomo. Na same shi a bayan gida yana ɓarar masara, leɓensa na ƙasa a kumbure. Muka gaisa. Ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya sa aka kawo mini kunu. Na yi niyyar in ya tambaya in ce masa an sayo sababbin fiyus. Na ma shirya maganar tun a kan hanya.

"'Yata, na ji an ce kuna da wuta. Me suka sa a gurbin?"

Na kalli tabon hannunsa, ƙaryar ta ƙi fita. Na ce waya Femi ya ɗaura. Ya tambaya ko a duka ukun. Na ce a duka ukun.

Masarar da ke hannunsa ta faɗi bai sani ba. Sannan ya ce, da muryar da ban san shi da ita ba, fiyus ɗin nan sun yi wa wayar girma, amma su ne abu na ƙarshe da ya rage tsakaninmu da fal, kuma da hannunsa ya cire su. Ya ce shi ya zaci in ba wuta dole a yi gyara, ya manta da irin mutanen da yake zaune da su shekara sittin. Na yi ta cewa ba laifinsa ba ne, bai ji ni ba. Ya shiga ɗaki ya fito da su a cikin leda, ya ajiye a gefensa, bai ƙara taɓa masarar ba har na tafi.

Washegari da safe ya zo benen. Ya cire hularsa tun daga bakin titi. A gaban masu haya da masu wucewa ya durƙusa wa Oga Emenike, wanda da ƙyar ya girmi babban ɗansa, ya ce ya yi kuskure, a yafe masa, ba ya neman aikin, ba ya neman komai, a bar shi kawai ya mayar da fiyus ɗin inda ya cire su. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Oga ya kama shi ya ɗaga, ya ce ba komai Baba, a mayar.

Sai da muka jira aka ɗauke wuta wajen sha ɗaya. Baba ya gwada da mitarsa, ya sake gwadawa, sannan ya buɗe murfin gurbin fiyus ɗin. Warin da ya fito sai da Madam ta ja da baya, ita da ta yi rayuwarta cikin kifi. Gurbin layin da muka taru a kai ya yi baƙi ƙirin, robar ta narke ta zubo ta daskare. Wayar da Femi ya cusa ta manne da ƙarfen, sun zama abu ɗaya, bakin da ke riƙe fiyus ya wage. Baba ya ja da filaya, ta ƙi fita. Ya gwada fiyus ɗin a kai, ba wurin shiga. Ya juya shi ya sake gwadawa. Ya gwada na uku, shi da ya san tun kallon farko ba za su shiga ba.

Oga ya share gumi, ya ce to, an gani, kuma ya yi alkawari da zarar an shiga sabuwar shekara za a yi aikin gaba ɗaya, saura 'yan kwanaki ne. Madam ta ce tun da ta kai yau, za ta kai Janairu. Mai gyaran gashi ta duba agogo ta ce tana da amarya a sama. Baba bai yi musu da kowa ba. Ya juyo wurina da ledar a hannu.

"Tabitha, ba zan ƙara roƙonki ba bayan yau. Babanki ya bar mini ke. Sauko da kekunanki."

Na hau, na kalli ɗinkin mutane, na kalli tagar. Na kira mai kura. Kafin a dawo da wuta na sauko da keke biyu da tebur da dutsen guga, ina kuka ina zagin kowa, har da shi. Kirsimetin nan ɗinki goma sha bakwai ban gama ba, wasu matan har yau ba sa amsa gaisuwata a coci.

Yanzu muna cikin Afrilu, zafi ya kai inda ya kai, fankoki da firizoji ba sa hutawa. Sabuwar shekara ta zo ta wuce ba a ja ko taku ɗaya na waya ba. Benen yana nan tsaye, wata mai sayar da kayan jarirai ta kama shagona, kuma in na wuce Madam takan tambaye ni da dariya ko gobarar tawa ta iso Dogarawa, inda nake zaune. A ɗakina nake ɗinki, rabi da keken ƙafa. Baba ya kai takardar ƙorafi wani ofis sau biyu, an ce za a zo a duba. Aiki kuwa ya yanke masa a Sabon Gari, wa zai kira mai gyaran da ke tafiya da fiyus ɗin mutane?

Makon jiya na shiga kasuwa sayen zare, na biyo ta gaban benen da azahar. A tsallaken titi, a rumfar mai faci, sai ga babur ɗinsa a jingine, shi kuma yana zaune a kan tsohuwar taya, ya zuba wa ƙofar matakalar ido. Mai facin ya ce mini kullum haka yake, daga hantsi har a rufe shaguna, ran Lahadi ce kawai ba ya zuwa. Raina ya ɓaci. Na tsaya a kansa na fara faɗa, na ce ya bar gonarsa da matarsa ya zo yana gasa kansa a rana saboda mutanen da suka jefa masa jaka a kwata, me zamansa zai hana?

Bai ɗauke ido daga matakalar ba. Ya ce ba abin da zai hana.

"Goma sha huɗu ne a sama yanzu," in ji shi. "In ranar ta zo, masu kashe gobara za su tambaya mutum nawa ne a ciki. Ya kamata a sami wanda ya sani."

Mai facin ya turo mini benci, na zauna da ledar zarena a cinya. Wata mata ta sauka daga Keke Napep da goyo a bayanta, ta tsaya a bakin matakalar ta toshe hanci da gefen gyale, sannan ta fara hawa.

"Sha shida," in ji Baba.